Tururuwar Gona da ta Dutse

Masana sun tantance nau'o'in tururuwa fiye da 14,000 a duniya, kuma ƙasashe masu zafi ne suka fi yawansu. A ƙasar Hausa kowace da sunanta: tururuwa mai jan hatsi, cinnaka, kiyashi, gwano da kwarkwasa. Gara ba ta cikinsu, danginta daban ne.

Masu ƙidayar ƙwari kan binne ƙananan kofuna, bakinsu daidai da ƙasa, su zuba ruwan sabulu, bayan kwana biyu su kwashe abin da ya faɗa. A gonar da ake nomawa duk shekara kofi kan cika, amma in aka baje shi a faranti sai a tarar 'yan nau'o'i kaɗan ne suka mamaye. Garma tana rushe gidajensu, wutar sharar gona tana cinye busasshen ganyen da wasu ke zama a ciki, feshin magani kuma ba ya tambayar wace ce mai ɓarna. Masu jure rana da tono su ke saura.

A tsaunuka irin na Jos abin ya bambanta. Ƙarƙashin dutse akwai sanyi da laima, tsagar dutse tana riƙe ruɓaɓɓen ganye, kurmin bakin rafi yana ba da inuwa. Kowane lungu da mazaunansa, shi ya sa nau'o'in kan fi yawa ko da adadin bai kai na gona ba.

Wannan ya shafi manomi kai tsaye. Ramukan tururuwa suna buɗe ƙasa ruwa ya shiga. Akwai baƙar tururuwa mai fita a jere tana farautar gara. Jar nan mai ɗinke ganyen mangwaro ta yi gida, wadda ake tsana saboda cizo, bincike a Jamhuriyar Benin ya nuna tana rage ɓarnar ƙudan da ke sa 'ya'yan mangwaro tsutsa. Gaskiya ne wasu suna kwashe iri, wasu suna kiwon ƙwarin da ke tsotse ganye, amma wannan bai isa hujjar hallaka duka ba.

Manomi ya bar ciyawa da bishiyoyin kan iyaka, ya rage ƙona gona, kada ya yi feshi sai ya ga ɓarna da idonsa. Gindin dutse kuwa a daina saran itatuwansa.