Kafin Ka Ɗauki Na'urar Neman Zinare

Ɗana, tun da aka gano zinare a Jado, can arewacin Nijar, a 2014, samarin Fagge da Sabon Gari ba su daina zancen na'ura ba. Na ji kai ma kana haɗa kuɗi, za ka canjo sefa a Wapa ka kama hanyar Agadas. Allah ya ba da sa'a. Amma zauna tukuna, akwai magana.

In aka gwada maka na'ura a bakin shago a Titin Ibrahim Taiwo, aka gitta zobe gaban farantinta ta yi ƙara, kada wannan ya ruɗe ka. Ko jabu za ta yi hakan, kuma jabun na'urorin kamfanin Minelab sun yi yawa a kasuwannin Afirka. Wahalar tana cikin ƙasa. Inda zinare yake, galibi ƙasar cike take da sinadarin ƙarfe: jar marmara, baƙin yashi, da duwatsun da maganaɗisu ke kamawa. Na'ura tana jin su duka, ta yi ta kuka ba komai a wurin. Shi ya sa kafin ka fara sai ka daidaita ta da ƙasar: ka nemi wuri mai tsabta, ka riƙa ɗaga farantin kana saukewa har amonta ya tsaya cak. In launin ƙasa ya sauya, ka sake. In har yanzu tana surutu, rage mata ƙarfin ji. Yaro gani yake ƙure ƙarfi shi ne gwaninta, alhali nan ne ƙaramin zinare ke ɓacewa cikin hayaniya.

Sai tafiyar hannu. Sauri ya haifi nawa. Ka riƙe farantin dab da ƙasa, a kwance, kada ya ɗaga a ƙarshen kowane lilo, kuma kowane zagaye ya hau kan rabin na baya. Zinaren da ya yi zurfi ba ya ihu. Ɗan lanƙwasa kawai za ka ji a cikin amon, kuma mai gaggawa ya wuce shi kafin kunnensa ya kama. Sa abin ji a kunne, domin iskar sahara tana cinye irin wannan sautin.

In ka ji alama, kada ka ɗauki diga nan take. Sake bi ta kanta daga gabas, sannan daga kudu. Ƙarfe na gaske yana amsawa a wuri guda ta kowace fuska, kukan ƙasa kuwa faɗi gare shi, yana yawo. Kankare saman kaɗan ka sake bi. In sautin ya ƙaru, ci gaba da haƙa; in ya dushe, ƙasa ce ta yi maka magana.

Kafin ka bar Kano, fita bayan gari, nesa da wayoyin lantarki da janareta, ka binne ƙananan gutattsarin dalma a zurfi daban-daban, domin sautinta ya yi kusa da na zinare. Yi ta bi a kansu har kunnenka ya rarrabe mai zurfi da na sama.