Darasi: Kafin Ki Ɗauki Lauya, Uwargida

'Yan uwana mata, darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga ajin matan aure da nake koyarwa a nan Ungogo. Wata rana mun gama babin gado, kowa ta watse, sai wata ɗaliba ta tsaya tana murza bakin hijabinta. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da gona ɗaya. Tana cikin takaba ƙannensa suka kawo takarda, wai ta rabo ce, ta dangwala yatsa. Ashe ta sayarwa ce. Kafin ta fita takaba an yi wa gonar awon igiya, an yanka fuloti, har wani ya zuba bulo. Ta ce, "Malama, ina zan samo lauya?" Na ce a raina, da ma tun kafin yatsan nan ya taɓa tawada kika yi tambayar.

Wadda ta san ƙasar nan ta san dalili. Birni ya cimmana. Rijiyar Zaki, Bachirawa, Kadawa, har Panisau da Rangaza, wuraren da aka saba ganin dawa da gero yanzu gidaje ne. Gonar da a da ba a damu da rubuta ta ba ta zama kuɗi masu nauyi, kuma rabon mace shi ake fara haɗiyewa, don ita ce mai kunyar magana a gaban maza.

Wasu na cewa ɗaukar lauya aikin marasa tawakkali ne. Ba haka ba ne. Lauya wakili ne, kuma malamanmu na Malikiyya sun halatta wakilci a shari'a. Littafin Tuhfa na Ibn Asim, wanda alƙalanmu ke aiki da shi, ya ware wa wakilci babi. Sai dai ki tuna gargaɗin da Uwar Muminai Ummu Salama ta ruwaito daga Manzon Allah (SAW), cewa iya zance a gaban alƙali ba ya halatta wa mutum haƙƙin ɗan uwansa. Don haka ki ɗauke shi ya karɓo miki tumuninki ko kason marayunki, kada ki ɗauke shi ya ƙwato miki abin da kin san na kishiya ne.

Kuma fa ba kowace rigima ce ta kotu ba. Akwai mai unguwa, akwai dagaci, akwai Hukumar Hisbah da aka kafa a 2003, suna sulhu kuma ana dacewa. Amma ko sulhun za a yi, in dai za a rubuta takarda, to ki ce a ba ki kwana biyu. Kuɗin da lauya zai karɓa ya karanta miki shafi ɗaya bai kai na motar zuwa kotu na wata uku ba.

To wane irin lauya? Yawancinmu ba babban lauya mai ofis a Abuja muke buƙata ba. Wanda ke kusa muke so, mai karɓar ayyukan yau da kullum: gado, cinikin fili, haya, riƙon yara, bashi. Na kusa ya san kotunan yankin, ba zai ɗora miki kuɗin tafiya ba, kuma in ya yi shiru za ki iya aika ɗanki ofishinsa. Tambayar farko da za ki yi masa ita ce: "Ka saba tsayawa a kotun shari'ar Musulunci?" Kada ki ji nauyi. Wani gwani ne a Babbar Kotu amma lissafin gado na ba shi wuya. Jami'ar Bayero na koyar da dokar ƙasa haɗe da shari'ar Musulunci, saboda haka masu hannu biyun ba su yi wuya a Kano ba.

Ga abin da ya sa wannan ke da muhimmanci. Aure, saki, riƙon yara, wasiyya, kyauta da gado, waɗannan na kotun Musulunci ne, kuma sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon sake duba su. Amma fili mai takardar mallaka daga gwamna, dokar filaye ta 1978 ta ce Babbar Kotun Jiha ce ke sauraron rigimarsa. Kin ga shari'ar ɗalibata kenan: rabinta gado, rabinta ciniki. In aka shigar da ƙara inda ba hurumi, sai a shekara ana sintiri, daga baya a ce a koma farko.

Sai tantancewa. A bakin kotu akwai masu baƙar kwat da jaka waɗanda ko ƙofar makarantar lauyoyi ba su taɓa shiga ba. Lauyan gaskiya ya gama jami'a, ya yi makarantar horon lauyoyi irin ta Bagauda, an rantsar da shi, sunansa na cikin rajistar Kotun Ƙoli, kuma yana manna hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa mai ɗauke da sunansa a takardun da ya rubuta. Ki je ofishinsa da kanki, da sanin maigida, tare da muharraminki ko wata babba. Wanda ya ce ku haɗu a gindin bishiya, ko ya ce "alƙalin mutumina ne, kawo na goro", ko ya rantse miki sai kin ci, tashi ki kama gabanki. Hukunci ba a hannunsa yake ba.

Maganar kuɗi kuwa, nan muke faɗuwa, don an koya mana cewa ciniki da mai ilimi rashin kunya ne. Ki tambaya ƙarara: nawa ne kuɗin aikin gaba ɗaya? Nawa ne kafin alƙalami? Kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci suna ciki ko daban? Duk zama sai na biya na mota, ko da an ɗage? In aka ɗaukaka ƙara fa? A rubuta, ki riƙe kwafi, kuma ko naira dubu kika bayar ki karɓi rasit. In ya ce zai yi aikin a ba shi kaso cikin gonar, kada ki amsa a zaman farko, musamman in akwai marayu a ciki, domin dukiyarsu ba taki ba ce balle ki yi alkawari da ita.

Takardunki na asali su zauna a akwatinki, ki ba shi kwafi. Ki faɗa masa gaskiya duka, har wadda ba ta yi miki daɗi ba. Doka ta ɗora masa riƙe sirrinki, kuma gara ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin abokin shari'a. Ranar zama ki je, ko ki tura amintacce. In hukunci bai gamsar da ke ba, ki yi magana a ranar, saboda wa'adin ɗaukaka ƙara kwanaki ne ƙidayayyu.

Wadda ba ta da hali kada ta zauna tana kuka. Hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Kano, haka ma ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, suna duba lamarin masu ƙaramin ƙarfi. In kuma lauya ya ci amanarki, ana kai kuka reshen ƙungiyar lauyoyi, kuma akwai kwamitin ladabtarwa da ke iya soke sunansa.

Ita ɗalibar tawa, yayanta ya raka ta wajen wata lauya mace. Abin da aka fara tambayarta shi ne sunayen waɗanda ke ɗakin ranar da ta dangwala yatsa, da ko an karanta mata takardar da Hausa. Ba a karanta ba. An yi zama uku zuwa yanzu, kuma kotu ta ce mai bulo ya dakata da gini.