Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Darasi Kan Taimakon Iyaye Da Aikin Gida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

 Da malamai suka raba mana darussan da za a sa a ɗan littafinmu na bana, sai aka ba ni batun taimakon iyaye da aikin gida. Da na ji sai kunya ta kama ni, don ni kaina ban daɗe da koyon wannan darasi ba, kuma da wuya na koye shi. Bari in fara ba ku labarin yadda aka yi, sannan mu je ga abin da aka karantar da mu.

Abin da ya faru a gidanmu

A watan Disamba na 2023, lokacin da yaƙi ya iso Wad Madani, kowa ya ga yadda mutane suka kwararo Fau ta titin Gadarif, wasu a mota, wasu a ƙafa. Gidanmu mu takwas ne, sai muka wayi gari mu goma sha tara, don gwaggona ta zo da 'ya'yanta da surukarta tsohuwa. Aka canza tukunya babba. Ruwan da mai karo ke kawowa ba ya kai la'asar. Kisrar da Inna ke yi sau ɗaya a rana ta koma sau biyu. Duk wannan aiki kan mutum uku ya sauka: Inna, da gwaggo, da ƙanwata 'yar shekara goma sha biyu. Mu kuwa samari biyar, namu mu ci, mu wanke hannu, mu tafi ƙwallo.

Ana nan sai zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Inna, gwaggo kuma tana fama da jinyar tsohuwa. Ƙanwata ta yi sati uku ba ta taka madarasa ba, 'yan ajinsu suka wuce ta da sura huɗu. Wata safiya na fito na tarar da ita gaban doka tana shafa kisra, hayaƙi ya cika mata ido, allonta na jingine da bango ƙura ta rufe rubutun. Na ce mata, "Ke, har yanzu shayi bai yi ba?" Ba ta tanka ba. Sai Inna daga kan angarib ta ɗago kai ta ce, "Ɗan nan, kai ma hannu biyu Allah ya ba ka, irin nata."

Wallahi maganar ta shige ni. Na je in hura gawayi a kanun, na ƙarar da ashana rabin kwali wuta ba ta kama ba. Ƙanwata ce ta zo ta nuna mini yadda ake jera gawayin a bar wa iska hanya. A lokacin na haddace izu goma sha biyar, amma ban iya dafa wa mahaifiyata marar lafiya ruwan zafi ba.

Mafificin halitta yana aikin gida

Imamul Bukhari ya ruwaito cewa Aswad ɗan Yazidu ya tambayi Nana A'isha (RA) me Manzon Allah (SAW) yake yi idan yana cikin gida. Ta ba shi amsa da cewa hidimar iyalinsa yake yi, idan lokacin salla ya yi kuma sai ya fita. A ruwayoyin Imamu Ahmad ta fayyace irin hidimar: yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa, yana tatsar akuyarsa, yana yi wa kansa abin da yake bukata. Ku duba fa, wannan shi ne wanda Mala'ika Jibrilu ke sauko wa da wahayi, shi ne shugaban Madina, ga sahabbai da ke rige-rigen yi masa hidima. To wane ne ni, wane ne kai, da za mu ce tsintsiya ta yi mana ƙanƙanta?

A cikin Suratul Baƙara Allah ya ba mu labarin Annabi Ibrahim (AS) yana ɗaga harsashin Ka'aba, ɗansa Isma'ila na tare da shi cikin aikin, suna roƙon Allah ya karɓa daga gare su. A Suratul Ƙasas kuma, Annabi Musa (AS) ya isa ruwan Madyana a gajiye, ya ga mata biyu sun ja baya da dabbobinsu saboda cunkoson makiyaya, ya je ya shayar musu ba tare da an roƙe shi ba.

Nana Fatima (RA), 'yar Manzon Allah, niƙa take yi a dutse har hannunta ya yi kanta. Ta je neman a ba ta mai hidima, sai mahaifinta ya zo ya koya mata ita da Sayyadina Ali tasbihi 33, tahmidi 33 da kabbara 34 idan za su kwanta, ya nuna musu wannan ya fi musu mai hidima alheri. Abin koyi biyu ne a nan. Na farko, aikin gida ba ya rage darajar kowa. Na biyu, aiki ne mai gajiyarwa da gaske, har shugabar matan Aljanna ta koka da shi. Saboda haka idan Inna ta ce ta gaji, ku yarda ta gaji.

"Ai aikin mata ne"

Wannan ita ce maganar da ta fi yawa a bakin samari. Wani ya ce idan abokai suka gan shi yana wanke-wanke za su kira shi mijin tace tun bai yi aure ba. To mu tambayi kanmu, abokai za mu bi ko Annabi? Kuma ku lura da abin dariya: yaron da ke ƙin yanka albasa a gida, shi ne idan ya girma ya kafa teburin agashe a kasuwa zai wuni yana yanka nama da albasa yana wanke faranti, ba wanda zai ce masa uffan. Ashe ba aikin ne abin kunyar ba, mu ne muka ɗora wa kanmu girman kai a gaban iyayenmu.

Da yawa daga cikinmu kakanninmu daga ƙasar Hausa suka taso, wasu kan hanyar Hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Malamin da suke tinƙaho da shi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754 zuwa 1817), a littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausar magana kan malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta zama babbar malama, ta kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da mata a ƙauyuka. Yau babu uban da zai ce ya hana 'yarsa madarasa. Amma idan aikin gida duka aka tara mata, ta zo aji a makare, ta yi gyangyaɗi kan allo, ta koma ba ta sami lokacin tilawa ba, ai an hana ta ɗin ke nan a fakaice. Kuma mu yayyenta maza muna da hannu a ciki.

Halin garinmu

Fau gari ne na noma. Tun da aka buɗe aikin noman rani na Rahad a 1977, rayuwar gidajenmu ta rataya kan hawasha: gyaɗa, auduga, dawa da kayan lambu. Lokacin cirar gyaɗa ko tsinkar auduga, Baba kan fita tun asuba, sau da yawa Inna ma ta bi shi, ko ta tafi sayar da godogodo da ƙuli-ƙuli. Idan suka dawo da yamma suka tarar da kwanuka a zube, zir ba ruwa, awaki na kuka, wane irin sannu da zuwa muka yi musu? Manya sun san gayya, wadda maƙwabtanmu ke kira nafir: a taru a yi wa mutum ɗaya aiki a gama da wuri. Gida ma ƙaramar gayya yake so kullum.

Wasu ayyukan kuma lafiyar gidan ce gaba ɗaya. A 2023 cutar kwalara ta ɓulla a jihar Gadarif, kuma ta ruwa marar tsabta da hannu marar wanki take yaɗuwa. Yaron da ya wanke zir, ya rufe bakinsa, ya ajiye moɗa ɗaya ta ɗiba, ya tare wa gidansu ƙofar cuta. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙwai, don haka kifar da tsohuwar taya da gwangwani bayan ruwan sama aiki ne babba. Amma a kula: kada a aiki yaro wanki ko wanka cikin tur'a. Ƙwayar tsargiya tana fitowa daga jikin dodon koɗin da ke ruwan, ta huda fata ta shiga jiki, bayan wani lokaci a ga jini a fitsari. Wanda ya ga haka ya faɗa wa iyayensa a kai shi asibiti, akwai magani.

Kowa da gwargwadonsa

Manzon Allah (SAW) ya umarci iyaye su fara sa yara salla suna da shekara bakwai, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Wannan ya nuna mana da ƙuruciya ake sabo, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙananan 'yan aji ɗaya da biyu: ku naɗe tabarmarku, ku jera takalma, ku cika butar alwala, ku watsa wa kaji tsaba, ku mayar da allo da Alƙur'ani wurinsu.

Masu shekara bakwai zuwa goma sha biyu: sharar tsakar gida, wanke kofunan shayi, tsince gyaɗa, ba awaki ruwa da harawa, aike zuwa kanti, da riƙe ƙani idan Inna na salla.

Manya, maza da mata: wankin kayanku, ɗebo ruwa, hura wuta, dafa shayi, da koyon tuƙa tuwo da kaɗa miyar kuɓewa. Mai ɗauko itace ya buga shi da ƙasa kafin ya runguma, saboda kunama. A azumi kuma, kai siniya waje wurin buɗa-baki rabin aiki ne, sauran rabin shi ne dawo da ita a wanke.

Ladubban taimako

Na ɗaya, niyya. Ka ƙudurta biyayya ga iyaye don Allah, sai shara ta zama ibada. Na biyu, ka yi kafin a ce ka yi. Na uku, ban da guna-guni da buga ƙafa, domin Suratul Isra'i ta hana mu ko da 'yar kalmar nuna ƙosawa ga iyaye. Na huɗu, ka kammala abin da ka fara, kada ka tara shara bayan ƙofa ka gudu. Na biyar, kada aiki ya cinye salla ko karatu. Ka tsara lokacinka, ai ana iya tilawa ana tsince gyaɗa.

Roƙo ga iyayenmu

Muna neman afuwa idan mun yi karambani. Anas ɗan Malik (RA) ya yi wa Manzon Allah hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa tsawata masa kan abin da ya yi ko abin da ya bari ba. Idan yaro ya fasa kofi wajen wankewa aka zane shi, gobe ba zai taɓa kofi ba. A nuna mana yadda ake yi, a yi haƙuri da kuskurenmu na farko, a raba aiki tsakanin maza da mata da adalci, kada a ɗora wa ƙarami jarkar da ta fi ƙarfinsa. "Allah ya yi maka albarka" daga bakin uwa ta fi mana kowane tukuici.

A gidanmu yanzu ruwa da wuta da sharar safe nawa ne ni da 'ya'yan gwaggo, bi da bi. Ƙanwata ta cim ma 'yan ajinsu kafin azumi. Tuwona dai har yau yana gudaji, amma ana ci.

Tambayoyi

1. Wace amsa Nana A'isha (RA) ta bayar da aka tambaye ta aikin Manzon Allah (SAW) a gida?
2. Me Manzon Allah ya koya wa Nana Fatima a madadin mai hidima?
3. Kawo ayyuka biyu na gida da ke kare mu daga cuta.
4. Me ya sa ba a wanka ko wanki cikin tur'a?

Aikin mako: kowane ɗalibi ya je ya tambayi mahaifiyarsa, "Inna, wane aiki ne ya fi ba ki wuya?" Ya ɗauke mata shi kwana bakwai, ranar Asabar ya zo ya gaya wa malam yadda ya ji.

Allah ya ji ƙan iyayenmu kamar yadda suka rene mu muna ƙanana, ya saka wa malamanmu da alheri, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu Sudan lafiya. Amin.