In Koma Michika ko In Zauna a Vinikilang?

Wata mai sauraronmu daga Vinikilang, tsallaken gadar Binuwai in ka fito daga Jimeta, ta aiko mana cewa tun 2014 da Boko Haram suka shiga Michika take zaune a nan. Yanzu surukanta sun matsa ta koma gona, ga yara a makaranta. Ta yaya za ta gane nufin Ubangiji?

Sannu 'yar'uwa, wannan kaya ne mai nauyi. Shawarata, kada ki zauna jiran mafarki. Dubi Manzo Bulus a Ayyukan Manzanni sura 16: Ruhu ya hana shi wa'azi a Asiya, ya nufi Bitiniya aka sake tare shi, sai da ya isa Taruwasa aka nuna masa Makidoniya. Yana cikin tafiya amsa ta same shi.

Ki yi addu'a da azumi, ki kai maganar gaban fastonku da dattawan zumuntar mata. Kafin damina ki je Michika da ƙafarki, ki kwana biyu, ki duba rufin ɗakin, ki tambayi halin hanyar gona da makaranta. In kunyar surukai ce kawai ke tura ki, dakata tukuna. Yaran ma ki ji ta bakinsu, musamman babban.