Rauta Ta Ƙi Aiki Bayan An Sauya Mata Manhaja: Yadda Ake Gano Cutar

Duk wanda ya bi ta titin Beirut a Fagge, ko ya ratsa shagunan kayan lantarki na Sabon Gari, zai ga ana sayar da wasu ƙananan akwatuna masu ƙahonni, sababbi da na hannu. Wannan akwati shi ake kira rauta, wato na'urar da take karɓo intanet daga waje ta rarraba wa wayoyi da kwamfutocin gida ko na makaranta. Da yawa daga cikinsu kamfanonin sadarwa ne suke kawo su a kulle, ba sa karɓar layin kowa sai na kamfanin. Don haka sai mai ita ya kai wa masu gyara a yi mata abin da suke cewa filashin, a buɗe ta. A nan ne sau da yawa ake komawa gida da na'urar da take kunna fitila amma ba ta ba da intanet, ga kuɗin data yana tafiya a banza.

Kafin a yi maganar gyara, ya kamata ɗalibi ya san abin da aka taɓa. Rauta ƙaramar kwamfuta ce, tana da ƙwaƙwalwa da ma'ajiya, tana kuma da manhajar ciki wadda masana'anta ta dasa mata, ita ce take gaya wa kowane sashe aikinsa. Filashin shi ne goge wannan manhaja a rubuta wata a gurbinta. Iri biyu ake samu. Akwai manhajar kamfani da wani ya yi wa kwaskwarima don cire makulli, ita ce ta fi yawa a kasuwanninmu. Akwai kuma manhajoji masu zaman kansu irin su OpenWrt da DD-WRT, waɗanda suke da tarihi mai ban sha'awa. A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys na Amurka ya fito da rauta mai suna WRT54G, sai masana suka gano cewa an gina manhajarta ne a kan Linux, wanda sharaɗin amfani da shi ya wajabta a bayyana rubutun manhaja ga jama'a. A 2003 aka bayyana shi, daga nan OpenWrt ta ɓullo a 2004, DD-WRT kuma a 2005.

A fannin nazarin halittu muna koya wa ɗalibai jadawalin tantance dabbobi: shin tana da ƙashin baya ko babu? Idan tana da shi, gashi gare ta ko ɓawo? Kowace tambaya tana raba zato gida biyu, har a iso ga suna ɗaya. Haka ake binciken rauta. Ƙa'ida ta biyu ita ce ta ɗakin gwaji: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a rubuta sakamakonsa. Wanda ya sauya layi da caja da saiti gaba ɗaya, ko da na'urar ta tashi, bai san abin da ya warkar da ita ba, kuma gobe zai sake faɗawa.

Tana da rai kuwa?

Tambayar farko ke nan. A kunna ta, a ba ta minti biyu ko uku, domin tashin farko bayan filashin yakan ɗauki lokaci. Idan fitilar wuta kaɗai ta kama, ko kuma na'urar tana mutuwa tana tashi ba ƙaƙƙautawa, a fara duba caja. Yawancin rautoci bolt 12 suke sha, an kuma rubuta abin da suke bukata a ƙasan akwatin. Cajar da ba ta kai ba takan kunna fitila amma ta gaza idan aiki ya yi nauyi. Idan caja lafiya take, to mai yiwuwa rubutun manhajar bai kammala ba. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan shi ne babban haɗari, shi ya sa ban yarda a yi filashin ba sai a kan inbata ko batir.

Dalili na biyu shi ne an saka manhajar da ba tata ba. Rautoci biyu sukan zo da suna ɗaya da kama ɗaya, amma kayan cikinsu daban, kamar ƙwari biyu da ido ba ya bambantawa sai an sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ita kanta WRT54G misali ce: fitowarta ta biyar a 2005 ta zo da ƙaramar ma'ajiya da wata manhaja wadda ba Linux ba, har sai da kamfanin ya fito da WRT54GL domin masu son sauya manhaja. Saboda haka lambar fitowa da ke kan takardar ƙasan akwati, v1 ko v2 ko v3, ta fi sunan muhimmanci.

Tsakanin kwamfuta da rauta

Idan ta tashi, a ajiye wayifai gefe, a haɗa kwamfuta da rauta ta igiya. Mutane da dama sukan ɗauka na'urarsu ta mutu don ba su ga sunanta a waya ba, alhali OpenWrt da gangan take zuwa da wayifai a kashe, sai mai ita ya shiga ta igiya ya kunna. Adireshin shiga ma yakan sauya. Rautar Huawei a 192.168.8.1 aka saba samunta, da yawa daga na TP-Link da ZTE a 192.168.0.1, amma OpenWrt da DD-WRT a 192.168.1.1 suke zama. Wanda yake ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa ba zai ji amsa ba.

A kwamfuta mai Windows, a buɗe baƙin allon umarni a rubuta ipconfig. Idan lambar da kwamfutar ta samu ta fara da 192.168, rauta tana rabon adireshi yadda ya kamata. Idan kuwa ta fara da 169.254, ma'anarsa kwamfutar ta nemi adireshi ba wanda ya ba ta, sai ta raɗa wa kanta. Ko dai igiyar ta lalace, ko an soke ta a ramin shigowa maimakon na fita, ko sashen rabon adireshi, wanda ake kira DHCP, a kashe yake.

Daga nan sai gwaji uku da umarnin ping, wanda yake aika ɗan saƙo ya jira amsa. Na farko zuwa ga rautar kanta. Na biyu zuwa 8.8.8.8, wata kwamfutar kamfanin Google. Na uku zuwa suna, alal misali google.com. Idan na farko ya faɗi, cutar tana cikin gida. Idan na farko ya ci, na biyu ya faɗi, rauta ba ta samun fita waje. Idan biyun farko sun ci, na uku ya faɗi, to intanet yana nan, abin da ya ɓace shi ne mai fassara sunaye zuwa lambobi, wato DNS. Sai a rubuta masa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 da hannu. A ganina babu darasin kwamfuta da ya fi wannan gwaji uku amfani ga ɗalibin sakandare, kuma malami zai iya nuna shi cikin minti goma ta hanyar zare igiya ɗaya bayan ɗaya, ɗalibai su faɗi inda aka yanke.

Rauta ba ta fita waje

Nan ne mafi yawan rautocin Kano suke maƙalewa, domin akasarinsu da layin waya suke aiki. Kafin a zargi manhaja, a cire layin a saka shi a waya. Wannan shi ne gwajin kwatance. Idan a wayar ma ba ya aiki, to data ce ta ƙare, ko sabis ya yi rauni, ko an rufe layin saboda ba a haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ba, kamar yadda hukuma ta umarta tun Disamba 2020. Rauta ba ta da laifi.

Idan layin yana aiki a waya, sai a duba sunan mashiga, wanda ake kira APN. Tsohuwar manhaja ta zo da na kamfaninta a rubuce, sabuwar kuwa sau da yawa ba ta san kowa ba. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Glo kuma gloflat. Harafi ɗaya ya kuskure, ƙofa ba za ta buɗe ba.

Akwai kuma matsalar da babu manhajar da take maganinta, kuma masu saye ba safai ake gaya musu ba. Kowane kamfani yana da zangon iskar da yake watsa 4G a kansa. Glo ya fara nasa a 2016 a kan megahaz 700, wanda ake kira zango na 28. MTN yana da 800 da 2600 a cikin nasa. Spectranet kuma 2300. Sashen rediyo na rauta an ƙera shi ne don wasu zanguna ƙayyadaddu. Cire makulli yana sa ta karɓi baƙon layi, amma ba ya ƙera mata kunnen da za ta ji zangon da ba ta da shi. Shi ya sa za a ga rauta ta buɗe sarai, ta nuna sunan sabon kamfani, amma ta tsaya a 3G ko ta rasa sabis ɗungurungum. A karanta zangunan da take ɗauka kafin a biya kuɗin buɗewa. Har ila yau, a shiga shafin bayanan na'urar a kwatanta lambar IMEI, mai alƙaluma 15, da wadda ke jikin akwati. Filashin mara kyau yakan goge ta, kuma na'urar da ba ta da ita tana iya kasa yin rajista da turakun sadarwa.

Wani lokacin kuma rautar ba layi take amfani da shi ba, an jona ta ne a bayan wata na'urar. Idan dukansu biyu suna 192.168.1.1, sai a samu gida biyu masu lamba ɗaya a titi ɗaya, saƙo ya rasa inda zai nufa. A mayar da ta ciki 192.168.2.1, shi ke nan.

Intanet yana zuwa amma yana yankewa

Abu na farko da ake zargi shi ne ragowar tsohon saiti, idan an ce manhaja ta riƙe shi lokacin filashin. A danne ɗan maɓallin baya na kimanin daƙiƙa goma, a sake saiti daga farko. Na biyu shi ne cunkoso. A zangon gigahaz 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma a benayen Sabon Gari inda shago yake manne da shago, rautoci da yawa suna iya taruwa a tasha ɗaya. A koma wata tashar, ko gigahaz 5 idan na'urar tana da shi, ko da yake shi ba ya ratsa bango sosai. Na uku, wasu rautoci masu kayan Broadcom wayifai ɗinsu yakan yi rauni a OpenWrt, domin kamfanin bai saki cikakken bayanin sarrafa su ba. Kada kuma a manta da zafi: a watan Afrilu Kano takan kai digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe ramukan shan iska. Rautar da take aiki da safe ta sume da azahar, inuwa da burushi take bukata.

Idan an kasa shiga gaba ɗaya, OpenWrt tana da ƙofar ceto. Ana kunna na'urar, da zarar fitila ta fara ƙiftawa da sauri sai a danna maɓalli. A ba kwamfuta adireshin 192.168.1.2 da hannu, a shiga 192.168.1.1 ta SSH, a rubuta firstboot, saiti ya koma sabo. Rautoci da yawa kuma suna karɓar manhajarsu ta asali ta wata hanya mai suna TFTP ko da ta ciki ta lalace, matuƙar ɗan sashen da yake tayar da na'urar bai taɓu ba. Sai dai wannan yana bukatar a riga an sauko da ta asalin daga shafin masana'anta an ajiye, tun intanet yana aiki.

Saura batun amana. Duk abin da gida yake aikawa ta rauta yake bi, har da shiga asusun banki da rajistar jarrabawa. Rubutun OpenWrt a buɗe yake, dubban idanu suna duba shi, amma manhajar buɗe makulli da aka kwaso daga wani shafi ba a san wanda ya taɓa ta ba, kuma filashin yakan soke garanti. OpenWrt ma ba ta zuwa da kalmar sirri, sai mai ita ya saka. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan rautoci da kyamarori a duniya ta hanyar gwada kalmomin sirrin da masana'antu suka saba sakawa, kalmomin da ba su wuce sittin da 'yan kai ba. Don haka da zarar rauta ta tashi, kafin a raba wa kowa wayifai, a saka mata kalmar sirri biyu daban-daban: ɗaya ta shafin saiti, ɗaya ta masu shiga.