Gwajin Taransistar Wutar Mota da Mitar Om

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a bayyana da Hausa yadda ake gwada taransistar da ke ba kwayil wuta a mota, da kuma iyakar abin da gwajin zai iya tabbatarwa. Sau da yawa idan mota ta ƙi tashi akan ɗora wa kwayil ko fulogi laifi, a kashe kuɗi a saya sababbi, alhali kuwa cutar tana wani wuri dabam.

Aikin Taransista

An ƙirƙiro taransista a Amurka a 1947. Kafin ta shiga mota, kwantak ne ke haɗa wutar kwayil yana yankewa, shi kuwa yana cinyewa da yawan aiki. Taransista ta gaji wannan aiki ba tare da wani abu ya motsa a cikinta ba. Ƙafafunta uku ne, ana yi musu alama da B da C da E. Domin sauƙi, za mu kira B mabuɗi, C mashiga, E kuma mafita.

Idan kwamfutar mota ta aiko da 'yar wuta zuwa mabuɗi, sai hanya ta buɗe tsakanin mashiga da mafita, wutar batir mai bolt 12 ta ratsa kwayil ta sauka a jikin mota. Da zarar an janye wannan 'yar wuta sai hanyar ta rufe farat ɗaya, kwayil ya haifar da wuta ta dubban bolt wadda ke yin tartsatsi a bakin fulogi. Ke nan mutuwar taransista iri biyu ce: ko ta ƙi buɗewa, ko ta ƙi rufewa. A kowanne hali babu tartsatsi.

Yadda Ake Gwajin

Mitar om tana auna turjiya, watau yadda abu ke hana wuta wucewa. Sunan ya samo asali daga Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa ƙa'idarsa a 1827. Misalinmu shi ne taransistar da ke zaman kanta, irin ta motocin Nissan da Mitsubishi na shekarun 1980 da 1990, domin a motoci da yawa na bayansu an cusa ta cikin kwayil.

1. A kashe mota, a zare soket ɗin taransistar. Mita tana da batirinta, ba a auna om a wayar da ke da wuta.

2. A ɗora wayoyin mita a kan mabuɗi da mafita, sa'an nan a juya su. Lafiyayya takan nuna turjiya kaɗan ta fuska ɗaya, mai yawa ta ɗayar. Haka kuma tsakanin mabuɗi da mashiga.

3. A auna tsakanin mashiga da mafita. In mita ta nuna sifiri ta fuskokin biyu, taransistar ta ƙone ta haɗe.

4. A kawo batirin tocila mai bolt 1.5, a haɗa kansa da mabuɗi, gindinsa da mafita, mita tana kan mashiga da mafita. Ya kamata hanya ta buɗe idan an haɗa, ta rufe idan an cire.

Akwai abubuwa biyu da ke ruɗa mai koyo. Na farko, a yawancin mitoci masu allura, baƙar waya ce ke ɗauke da kan batirin mitar, ba ja ba. Na biyu, wasu taransistocin tagwaye ne a gida ɗaya, tare da wasu ƙananan kaya, don haka alƙalumansu kan bambanta. Littafin motar shi ne alƙali.

Kammalawa

Mitar om shaida ce da ke iya tabbatar da laifi, amma ba ta iya wanke wanda ake zargi sarai. Wutarta ƙarama ce ƙwarai idan aka kwatanta da wadda kwayil ke ja, kuma akwai taransistar da ke aiki da sanyi ta gaza idan inji ya ɗau zafi. Saboda haka, in mota tana mutuwa bayan tafiya tana kuma tashi idan ta huce, kada a sallami taransista don ta ci gwaji. A sake auna ta da zafinta.