Ƙarfin ƙafa da cizon sauro

Ɗana, jingine keken nan ka zauna kusa da ni, domin tun shekaranjiya nake ganin idonka ya yi ja, amma kana ta ɗaukar buhun gero daga Gazawa zuwa Agye kana cewa gajiya ce kawai. Ƙarfinka ban raina shi ba, Allah Ya ƙara maka, sai dai akwai labarin da nake so ka ji.

A ƙasar Italiya an yi wani ɗan tseren keke mai suna Fausto Coppi, ɗan talakawa, wanda ya fara taka keke yana yaron shago, yana kai wa mutane nama gida-gida, kusan irin aikinka. Da haƙuri ya kai inda ya kai: sau 5 ya ci babban tseren Italiya, na farko a 1940, sau 2 kuma na Faransa, a 1949 da 1952, yana hawa duwatsun da ko mota nishi take yi a kansu. Yaƙin duniya ya ci masa shekaru, har aka tsare shi fursuna, ya sha karaya, ya tashi ya koma kan sirdi.

To, a watan Disamba na 1959 aka gayyace shi tsere a Wagadugu, nan maƙwabtanmu, lokacin ana ce da ƙasar Haute-Volta. Sauro ya cije shi, shi da abokin tafiyarsa Bafaranshe Raphaël Géminiani. Kowa ya koma gida da masassara. Bafaranshen aka gane ciwonsa zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba shi kwinin, ya rayu har 2024, yana da shekara 99. Coppi kuwa aka ɗauka mura ce mai tsanani, saboda haka maganin da ya dace bai same shi ba, ya rasu ranar 2 ga Janairu 1960, yana ɗan shekara 40. Ajali na Allah ne, na sani, amma duk lokacin da na tuna kwanakin nan da aka ɓata sai zuciyata ta sosu.

Mu nan mun san ciwon, kowace damina muna ganinsa daga nan har bakin gulbi a Gidan Rumji, kuma a gidan likita da ɗigon jini ɗaya daga yatsa ake gane shi cikin mintoci. Saboda haka, don Allah, gobe ka bar buhun ya jira, ka je a duba ka, idan an ba ka magani ka shanye shi duka ko da ka ji sauƙi. Gidan sauron da innarka ta ba ka kuma, na gan shi kan shingen tumatir. Ɗauko shi kafin magariba, ni zan riƙe maka igiyar.